Jajayen Turaku a Bakin Tiga

Ranakun da na yi a bakin sitiyari suna da yawa, yawancinsu sun bi iska, amma ranar da Ladi mai kifi ta shigo garejin jami'a tana ƙwala mini kira, wannan kam ban taɓa mantawa da ita ba. Ku yaran da kuka shigo aikin tuƙi bayanmu kun ishe ni da sai na rubuta. To, ga shi na rubuta. A aji huɗu na firamare na tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya same ni, bayana yana ciwo.

Sunana Tasi'u. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina direba mai mataki na huɗu, an ajiye ni a sashen Fiziks da wata tsohuwar a-kori-kura. Ga wanda bai san tsarin ba, haka yake: malami in yana son mota sai ya rubuta wa shugaban sashe, shugaban sashe ya sa hannu, takarda ta zo wurin babban direba, shi kuma ya ba ka makulli da takardar fita. Wannan ita ce dokar da aka rubuta. Akwai wadda ba a rubuta ba, kuma ta fi ƙarfi. Ranar da na kama aiki babban direbanmu ya gaya mini ita a tsaye: "Oga yana magana, kai kurma ne. Oga ya yi kuskure, kai bebe ne. Hanya kawai aka ɗauke ka ka kalla." Shekara goma sha tara ina bin wannan doka, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba.

Malamin da na fi ɗauka shi ne Dokta Nuhu. Siriri ne dogo, mai tabarau, yana gaishe da masinja kafin masinja ya gaishe shi. Ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo. Sauran malamai suna da injuna da wayoyi a ɗakunan gwaji, shi kuwa allo ne da alli da tarin takardu. Kuma ba ya iya yin shiru a mota. Ni kurma ne a doka, amma kunne ba shi da murfi, dole na ji.

Wata rana a hanya ya ce, "Malam Tasi'u, in ka loda buhuna a bayan motar nan ba ɗauri, ka sha kwana da gudu, me zai faru?"

Na ce, "Su zube, yallaɓai. A kore ni."

Ya ce to taurari ma haka ne. Ba a warwatse suke ba, gungu-gungu suke, kuma kowane gungu juyawa yake yi kamar faifai. Masana sun auna gudun na bakin-baki, sun ga da wannan gudun ya kamata a ce sun watse tuntuni. Amma ba su watse ba. Ke nan akwai wani nauyi da yake riƙe da su, wanda ba ya haske, ba ya tare haske, kuma ya ninka duk abin da ido yake gani. Turawa suna ce masa baƙin abu, in ji shi, amma ba baƙi ba ne, ganinsa ne ba a yi. Yawancin masana suna zaton ƙwayoyi ne masu ɗan nauyi, kamar tsakuwa. Shi da wasu 'yan tsiraru suna ganin wataƙila rashin nauyinsa ya wuce misali, har ba ya tafiya kamar tsakuwa, sai kamar igiyar ruwa.

A nan na karya doka kaɗan. Na ce, "Yallaɓai, ka ce nauyi, ka kuma ce rashin nauyi. Wanne zan ɗauka?"

Ya ce, "Ka taɓa ɗaukar auduga a mota?"

Na ce na taɓa.

"Tafin hannu guda nauyi gare shi?"

"Babu."

"Mota cike fa?"

Na gane, don na taɓa karya sifirin ɗin mota da lodin auduga.

To, a shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbi, Dokta zai je wani taron masana, kuma yana son hoton da zai haska a majigi. So yake a ga yadda igiyar ruwa biyu suke yi in sun haɗu: wani wuri su taru su yi tudu, wani wuri su kashe juna ruwa ya kwanta, abin ya yi zane kamar saƙar tabarma. Ya ce in zatonsu gaskiya ne, haka abin nasa yake kwance a tsakanin taurari. Ya gwada a baho, hoton ya fito kamar na wankin yara. Sai ya tambaye ni inda ake samun ruwa mai faɗi, kwantacce.

Da bakina na ce, "Tiga. Garinmu yana bakin ruwan."

Garinmu Sabuwar Ɗinya ne. Tsohuwar Ɗinya tana ƙarƙashin ruwa, da masallacinta da kaburburan kakanninmu. Lokacin da aka yi madatsar aka taso mutanenmu, aka ba su wuri a kan tudu. Manoman gero da dawa suka koma kamun kifi da noman rani. Ni ban ga tashin da idona ba, a lokacin ina karen mota a Kano. Na tafi na bar gari, na dawo na tarar da teku.

Ranar wata Talata muka fita, muka bi ta wajen Bebeji muka gangara. Dokta ya zo da turaku ashirin da ya sa kafinta ya fere, aka shafe su da jan fenti da fari don su fito a hoto a gane tazara. Ya zo da tef ɗin awo da kyamara, da ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai.

Da muka doshi gari na san abin da ya kamata. Baƙo ba ya taɓa ƙasar mutane sai ya gaida Mai Unguwa. Na buɗe baki na ce, "Yallaɓai, da mun ɗan..." Ya ce, "Muna da takardar izini daga ofis, Malam Tasi'u, ga rana tana ɗagawa." Na ja bakina. Gaskiya kuma ba doka kaɗai ba ce, ni ma ba na son shiga. In na shiga gidan yayana Hamisu sai an dafa kifi, in aka dafa kifi sai la'asar, ga ni hannu biyu ba tsaraba, ga baya yana ciwo.

Muka zagaya ta bayan gari muka tsaya a saman fadamar Yaya Hamisu. Ni na riƙe tef, ni na buga turakun a jere, taku goma-goma, tun daga bakin ruwa har saman tudu. Dokta ya kafa mai ƙafa uku yana leƙawa, yana ɗaga mini hannu, matsa dama, matsa hagu, yana rubutu a littafi. Na hangi mutane a nesa sun tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya matso. A garin da ko keke ya shigo sai an kewaye shi, wannan kaɗai ya isa ya gaya mini wani abu. Ban tsaya na yi tunani ba. Kafin mu gama iska ta taso, ruwa ya hargitse, hoto ya gagara. Dokta ya ce a bar turakun a inda suke, sai mun dawo bayan mako biyu. Muka juyo.

Kwana takwas da yin haka ina ƙarƙashin mota ina ɗaure salansa sai na ji murya daga bakin gareji.

"Ina bawan nan nawa da ya sayar da garinsu?"

Ladi ce, 'yar kawuna, taubashiyata. Tun muna yara kowannenmu yana cewa shi ne ubangidan ɗayan. Duk mako takan kawo busasshen kifi Kano, amma ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Na fito da baƙin mai a fuska, direbobi duk sun miƙe suna kallo.

Na ce, "Ke baiwar gidanmu, wa ya buɗe miki ƙofa? Ƙarnin kifinki zai kashe mana batir."

Ba ta yi dariya ba. Nan na san da magana.

Ta ce, "Tasi'u, nawa suka ƙara maka a matsayi? Da hannunka aka ga ka riƙe igiyar awo. Da hannunka ka buga jan turke a saman fadamar ɗan'uwanka. Ko ruwa ba ka shiga ka sha ba, don kunya ba za ta bar ka ba."

"Wace kunya? Hoto muka je ɗauka."

"Hoto! Wancan karon ma, da za a yi madatsa, da jajayen turaku aka fara. Da ƙarfe mai ƙafa uku, da mai tabarau yana ɗaga hannu. Inda turke na ƙarshe ya tsaya, nan ruwa ya tsaya. Kai ba ka nan, kana Kano kana rataye a bayan mota. Mu mun gani."

Na zauna a kan taya. Ta zayyana mini. Gari ya gama yarda za a ƙara wa madatsa tsawo, a sake tashinsu. Labari ya kai kasuwar Yako, ya dawo da ƙari. A Tudun Wada an ce ruwa zai ci titi. Wani Bafulatani ya rantse an gaya masa sai ya taɓo gindin duwatsun Riruwai. Wannan duk abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne albasa. Irin albasar gari yana cikin rainonsa ya kai dashe, kuma ba wanda ya dasa ko ɗaya. Wa zai dasa a ƙasan jan turke? Ga wanda bai san noman rani ba: irin albasa yana da kwanakinsa. In suka wuce ya tsufa, ko ka dasa sai ya yi ta ganye ba ya yin kai. Albasar nan kuwa ita take riƙe gari har ruwan sama ya sauka.

Ladi ta ce, "Yaya Hamisu ya kwance injin ban-ruwansa ya kai ɗaka. Ya ce in mako ya fita, iri ya tashi aiki. Ya kuma ce kada ka sake tako masa gida."

Ban ko wanke hannu ba na hau bene wurin Dokta. Na gaya masa a tsaye. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Innalillahi. Me ya sa ba ka gaya mini ba tun a can?" Na ce, "Na fara, yallaɓai." Shi da kansa ya bi takardar fita ofis-ofis har ta fito a ranar, abin da yakan ɗauki kwana uku.

Washegari Alhamis da hantsi muna ƙofar gidan Mai Unguwa, Baba Alu. Tsoho ne da ya haura saba'in, yana cikin waɗanda suka ɗauko jinkar ɗakinsu a ka ranar tashi. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, gari kaf ya fito, mata suna can baya jikin danga. Dokta ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Aka amsa masa a daƙile. Ni ba wanda ya amsa tawa. Yaya Hamisu ya juya mini ƙeya. Na koma jikin mota na tsaya, inda direba yake tsayawa.

Dokta ya ba da haƙuri, sannan ya fara bayani. Ya kawo zancen buhuna da kwana. Ya kawo taurari. Ya kawo auduga. Ya ce abin da yake nema ya cika ko'ina, yana ratsa bango da dutse da jikin mutum ba a ji.

Wani dattijo ya ce, "Aljanu ke nan."

Dokta ya ce, "A'a, Baba, ba shi da rai."

"To ka ce ba a ganinsa, yana ratsa bango. Mu a nan sunansu ke nan."

Liman ya ce Allah ya halicci abin da muke gani da wanda ba ma gani, wannan ba abin musu ba ne, amma ba shi aka taru a kai ba. Baba Alu ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Yaro, maganarka da daɗi. Wanda ya zo wancan karon ma maganarsa da daɗi, har alewa ya raba wa yara. Abu ɗaya nake tambaya. In taurari kake nema, me ya sa ka auna gonar Hamisu?"

Dokta ya sake bayanin hoto da tazara. Ya fito da takardar izini mai tambari. Wannan ya ƙara ɓata abin, don da aka ga tambari sai aka fara salati. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse.

Baba Alu ya ce, "Ba sai ka rantse ba, na yarda ba ƙarya kake yi ba. Amma ana aiken mutum bai san abin da aka aike shi ba. Kai ka kai musu hoto, su su san abin da za su yi da shi."

Nan Dokta ya ƙare. Mutumin da yake cika allo uku bai numfasa ba, ya zauna yana kallon yatsun ƙafarsa. Yaya Hamisu ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce, "Baba, ni zan je in buɗe wa awaki irin nan su ci. Gara su da rana." Wasu mutum biyar suka miƙe tare da shi.

Ban san lokacin da na bar jikin mota ba. Na tsinci kaina a tsakiyar fili, na durƙusa.

Na ce, "Baba, a ba ni izini. Laifin nawa ne, ni na wuce ƙofarka ban yi sallama ba. Amma ina da tambaya. Waɗanda suka zo wancan karon, a wace irin mota suka zo?"

Ya ce, "Sababbi fil, guda huɗu. Da 'yan doka."

Na ce, "To a dubi wannan."

Aka juya aka dubi a-kori-kura. Ƙofarta ta hagu da waya na ɗaure ta. Fitila ɗaya ce.

Na ce, "Shekara shida ina jan mutumin nan. Na rantse da Wanda ya halicce ni, ba wanda ya aiko shi, don ba wanda ya san yana nan. Ofishinsa in ana ruwa sai ya sa bokiti. Lissafin da yake yi a na'ura kwana biyu yake ɗauka, wuta ta ɗauke ya koma farko, na ga ya koma farko sau bakwai a wata guda. A jami'ar kanta malamai 'yan'uwansa in suka hango shi sai su canza hanya, kada ya tare su da zancen taurari. Ko gwamna, ko kwamishina, ko kansila, babu wanda ya taɓa kiran sa ya tambaye shi ƙarfe nawa. Ku dubi takalminsa can, ku ɗaga na dama ku ga rana ta ciki. Baba, in gwamnati za ta tashi gari, wannan za ta aiko?"

Ban iya kallon inda Dokta yake ba. A raina na ce, Tasi'u, shekara goma sha tara ta ƙare a gindin mangwaro.

Daga can jikin danga sai muryar Ladi: "A ɗaga takalmin mana mu gani!"

Liman ne ya fi kusa. Ya sa sandarsa ya kifar da na dama. Ga huji nan, an toshe da kwali. Wani ya tuntsire, dariya ta kama ko'ina, har waɗanda suka miƙe suka dawo suka zauna. Baba Alu bai yi dariya ba tukuna. Ya dubi Dokta.

"Shekara nawa kana neman abin nan?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba."

"Turawan fa?"

"Su ma ba su gani ba."

"In ka same shi, ci ake yi ko sayarwa?"

"Ko ɗaya. Za a dai sani."

"In ba ka same shi ba fa?"

Dokta ya ce, "Sai na baya su san ba nan yake ba, su nemi wani wuri."

Sai tsohon nan ya kwashe da dariya har da tari. Ya ce, "Jama'a, wannan ba ɗan safiyo mai awon ƙasa ba ne, masunci ne. Lokacin da aka kawo mu nan ban taɓa riƙe raga ba. Wata uku ina jefawa ina jawo ciyawa, matata tana cewa in nemi aikin yi. Na san wannan fuskar, na gan ta a cikin ruwa." Ya juya wurin yayana. "Hamisu, je ka fito da injinka. Kowa ya tafi fadama, yau za a fara dashe. Kai kuma Dokta, turakunka ka tuge su da hannunka, mutane suna kallo."

Haka aka yi. Dokta ya naɗe wando ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tugewa. Mata suka raba su tsakaninsu don ɗaure awaki. Da ya gama bai koma mota ba, ya shiga fadamar Yaya Hamisu ya ce a ba shi iri. Ya dasa fangali guda, yana auna tsakani da yatsa kamar zai rubuta jarrabawa. Ladi ta tsaya a kansa ta ce, "Ranka ya daɗe, albasa ce, ba gawa ba, kada ka binne ta." Ni kuwa Yaya Hamisu bai ce mini uffan ba, sai ya miƙo mini damin iri ya nuna mini fangali shida. Da ciwon bayan da komai na sunkuya. Sai da na kai na huɗu ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Daga nan na san na koma ɗan gida.

A garin muka kwana. Da gari ya waye Baba Alu ya sa aka kira mu bakin ruwa. Ya ce wa Dokta, "Kai ka zo da hantsi kana neman kwantaccen ruwa. Da ka tambaya da an gaya maka ruwan nan daga fitowar rana zuwa shan koko kaɗai yake barci." Ya sa masunta biyu suka hau gorunansu, irin manyan nan da ake kifa ciki a kai, suka shiga suka tsaya nesa da juna kaɗan. Ya ce su dinga danna gora suna saki a tare, shi yana ba su lokaci da tafi. Ruwan kamar faranti. Igiya ta tashi daga nan, ta tashi daga can, suka haɗu a tsakiya, sai ga saƙar tabarmar nan ta shimfiɗu a kan ruwa, tudu da kwari, tudu da kwari, har bakin gaɓa. Dokta yana ɗauka yana cewa, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Baba Alu ya ce, "Wannan? Kullum muna gani. Ashe abin zuwa taro ne."

Da za mu tafi mota ta ƙi tashi, sai da rabin gari ya tura. Wannan ya ƙarasa kwantar da hankalin duk wanda ya rage da shakka.

A hanya Dokta bai yi magana ba. Mutumin da ba ya shiru, muka wuce Bebeji bai ce ƙala ba. Ina tuƙi ina shirya amsar takardar tuhuma a kaina. Sai da muka hau babban titi ya yi gyaran murya.

"Malam Tasi'u."

"Yallaɓai."

"Da gaske malamai suna canza hanya in sun hango ni?"

Na ce, "Ba duka ba, yallaɓai. Wanda yake da ciwon ƙafa ba ya iyawa."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Da ya natsu ya ce, "Daga yau in za mu shiga gari, kai ne gaba. In na ce muna sauri, ka kashe mota ka zare makulli." Takardar tuhuma ba ta zo ba. Albasa ta yi kai a shekarar, sai dai ta fangalin Dokta, wadda ta fito ƙanana kamar goro. Ya je taronsa ya dawo. Na tambaye shi ko an samu abin, ya ce tukuna, amma an yaba hoton.

Ga abin da na koya, ku da kuke tambaya. Dokar nan ta kurma da bebe tana da kyau, ita ta tsare mini aiki, kuma ban ce ku yar da ita ba. Amma a cikin mota take aiki. Masu ilimin nan da muke ɗauka, wani ya san abin da yake riƙe da taurari, bai san abin da jan fenti yake nufi a garin da aka taɓa tasa ba. Ba wauta ba ce, ba a karantar da shi ba ne. Kai da ka sani, in ka yi shiru, ba ladabi ka yi ba, ragwanci ka yi. Kalma huɗu da na haɗiye a bakin gari ta kusa cinye noman mutum ɗari, kuma sai da na tsiraita ubangidana a bainar jama'a kafin in gyara. Na yi sa'a Dokta Nuhu ne. Da wani ne, da yanzu ina tura kura a kasuwa. Saboda haka kada ku jira gindin mangwaro. In kun doshi garin mutane, ku taka birki a ƙofar mai gari, oga ya so ko bai so ba. In ya yi faɗa, ku ce mota ce ta yi zafi. Motocinmu dai ba wanda zai ƙaryata ku.